Masu gadin Termit na buƙatar asusu daga hannun mutanen Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da ƴan uwana mutanen jihar Damagaram a kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake tunawa da su ba, wato jami'an gandun daji da abokan aikinsu daga cikin makiyaya, waɗanda ke gadin namun dawa a Termit da Tin-Tumma. Kirana shi ne mu kafa asusu na kanmu, wanda za mu riƙa zuba wa kuɗi wata bayan wata, domin saya musu kayan aiki da kuma tallafa wa iyalansu idan tsautsayi ya auka musu a bakin aiki.

Da yawa daga cikinmu mazauna Birni da Zango da Sabon Gari sun fi sanin labarin Makka da Dubai fiye da labarin abin da ke arewa da Gure. A ranar 6 ga watan Maris na 2012 gwamnati ta keɓe dutsen Termit da rairayin Tin-Tumma a matsayin hurumin ƙasa na namun dawa, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000 a wancan lokaci, wanda ya ratsa jihohin Damagaram da Difa da Agadas. A 2019 an zabge masa kusan rabi saboda filayen man fetur, sannan a 2021 aka sake shata iyakarsa, ya tsaya a kan kimanin 86,000. Ko a hakan ya fi ƙasar Togo baki ɗaya girma. Tasker ce ƙofarsa ta wajenmu, kuma duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gure zuwa can ya san cewa mota ba ta binta sai da shiri. A cikin wannan fili ake samun adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗun ƙahoni wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, da mena, da barewa, da ragon dutse, da tuje, da manyan kunkuru, har da rabbin hamada wanda ganinsa ya zama sai mai rabo.

Abin da ya samu adaks ya isa ya hana mu barci. A wajajen 2010 masana sun ƙiyasta cewa akwai kimanin 200 a Tin-Tumma, kuma su ne garke mafi girma da ya rage a dawa a duk faɗin duniya. A watan Maris na 2016 aka yi ƙidaya ta jirgin sama da ta ƙasa, aka kewaya dubban kilomita, ba a ga komai ba sai guda uku, su ma a firgice. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin wannan asara a kan hayaniyar aikin neman mai a yankin Agadem da kuma farautar da masu rakiyar aikin ɗauke da makamai suka riƙa yi. Ga kuma abin da ya biyo bayan rushewar Libiya a 2011, lokacin da bindigogi da motocin kat-kat suka bazu a hamada, sannan zinariyar Jado ta 2014 ta ƙara yawan masu kai da komo ta hanyoyin da a da sai ayarin raƙuma. Dabbar da ta jure fari da zafin rana na dubban shekaru ta kasa jure wa mota da bindiga na shekara shida.

Ita kuwa mena, sunanta muke kira duk ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta fita fili, da shi muka je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Dabbar da ake wa ƙungiyar laƙabi da ita, ƴan ɗaruruwa kaɗan suka rage a dawa a duniya, a warwatse tsakanin Cadi da Nijar, kuma ɗaya daga cikin garkunan da suka fi muhimmanci yana cikin kwazazzaban dutsen Termit, a cikin jiharmu. Ina ganin abin kunya ne ƙwarai a ce jikokinmu su gaji rigar ƙwallo mai hoton mena alhali ita kanta ta ƙare a zamaninmu, a ƙasarmu, muna ji muna gani.

Doka tana nan, ba ita muka rasa ba. Dokar farauta da kare namun dawa mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta haramta taɓa waɗannan dabbobi. Amma takarda ba ta bin sawun babur a cikin rairayi. Mutum ne ke bi, kuma wannan mutum yana buƙatar abin hawa da ruwa da hanyar kiran taimako. A nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya ya duba yadda aikin yake. Tawagar sintiri takan fita ta yi kwanaki ba ta ga gari ba. Tana ɗauke da tono-tono na gazuwal da na ruwa, domin a can rijiya da rijiya akwai nisa, wata ma idan an isa sai a tarar da ruwanta da kanwa. Mota a cikin rairayi tana shan mai fiye da yadda take sha a kan kwalta, tayoyi suna fashewa a kan duwatsun Termit, kuma idan wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta, sai an aika Damagaram kafin a samo madadinsa. Babu layin salula, don haka wayar Turaya, mai aiki da tauraron ɗan Adam, ce kaɗai ke haɗa su da duniya, ita ma sai da kuɗin kira a ciki. Suna buƙatar na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan Adam domin rubuta inda suka ga sawu ko gawa ko sansanin mafarauta, da tabarau mai hangen nesa, da kyamarorin da ake ɗaurewa a mashigar dabbobi, da batura da faifan hasken rana na caja su. Suna buƙatar takalma masu jure zafin ƙasa a bazara, da barguna na sanyin hunturu, da akwatin magani mai ɗauke da abin da za a yi wa wanda kunama ko maciji ya sara tun kafin a kai shi likita, wanda yana iya zama tafiyar yini guda ko fiye.

Mafarauci kuwa babur biyu da bido ɗaya na esansi sun ishe shi. Yakan kori barewa a fili har numfashinta ya ƙare ta faɗi, ya yanka, ya shanya naman, ya wuce kafin labari ya kai ga masu gadi. Idan labarin ya kai kuma aka tarar motar sintiri tana tsaye babu mai, to an gama magana. Mu mutanen Damagaram mun san abin da ake kira ƙarancin ruwa fiye da kowane babban gari a ƙasar nan, don haka bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu halin wanda ke lissafin kofin ruwansa a tsakiyar Tin-Tumma ba.

Aikin kuma na sayar da rai ne. A gandun W da ke kudu maso yamma, ƴan bindiga sun sha kai hari a kan sansanonin jami'an gandun daji, an yi asarar rayuka. A ranar 9 ga Agusta 2020, a yankin raƙuman dawa na Kure, an kashe mutum takwas, cikinsu har da jagoran da ya shafe shekaru yana nuna wa baƙi waɗannan dabbobi. A gandun Birunga na Kwango sama da masu gadi 200 aka kashe tun kafuwarsa. Idan irin wannan ta faru, ana yin ta'aziyya, ana watsewa, sai a bar mace da ƴaƴa da kuɗin haya da na makaranta. Mai gadin da ya san cewa ba za a bar iyalinsa a wulaƙance ba, tsayuwarsa a gaban mai bindiga daban take da ta wanda bai da wannan tabbaci.

Za a ce ai akwai masu ba da agaji daga waje. Gaskiya ne, kuma ba zan raina abin da suka yi ba. Ƙungiyar Sahara Conservation ta yi shekaru tana ƙidayar dabbobin Termit tun kafin a keɓe wurin, kuma a 2018 gwamnati ta sa hannu da ƙungiyar Noé ta Faransa a kan yarjejeniyar kula da hurumin ta shekara 20. Sai dai kuɗin waje yana da halinsa. Yana zuwa a cikin shiri na shekara uku ko huɗu, a sayi sababbin motoci, a buga musu tambari, shirin ya ƙare, motocin su koma bayan ofis saboda rashin taya. Yana kuma bin iskar siyasa: mun ga yadda Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi bayan sauyin mulki na watan Yuli 2023. Kafin nan annobar korona ta 2020 ta tsayar da yawon buɗe ido, gandaye da dama a Afirka suka rasa abin biyan masu gadinsu. A wannan shekara ce aka fara wata gasa ta tara kuɗi wadda a cikinta masu gadin daji na ƙasashen Afirka ke gudun kilomita 21 ɗauke da jaka mai nauyin kilo 22, mutane suna ba da gudummawa da sunansu. Dabara ce mai kyau, amma mafarauci ba ya jiran a sabunta yarjejeniya, kuma wata uku ba sintiri sun isa a share garken mena guda. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin da ba ya yankewa ko da kaɗan ne, wanda tushensa yake a gida. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da muka nuna namu, za mu fi samun bakin neman na wasu.

Ga yadda nake ganin abin zai yiwu. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar Damagaram sun haura miliyan uku da rabi. Ba na neman kowa. Idan mutum 10,000 kawai, daga ma'aikata da ƴan kasuwar Dole da masu motocin sufuri da ƴaƴan jihar da ke Yamai da Kano da Agadas da Libiya, suka ɗauki alkawarin dala ɗari a wata, wato sefa 500, an samu sefa miliyan biyar kowane wata, miliyan 60 a shekara. Wannan ba zai sayi jirgin sama ba, amma zai tabbatar da cewa motar sintiri ba ta kwana babu mai, wayar Turaya ba ta rasa kuɗin kira, raƙuman sintiri suna samun magani, kuma akwai abin da za a miƙa wa matar mamaci tun kafin ta gama takaba. Hanyar aika kuɗi ba matsala ba ce yanzu, tunda kamfanonin tura kuɗi suna da rassa a kusan kowace unguwa. Asusun ceton ƙasa da aka kafa a watan Oktoba 2023 ya riga ya nuna cewa ƴan Nijar suna iya tara abu mai kauri daga ƙananan kuɗi idan sun yarda da manufar.

Man fetur kuma ya kamata ya biya rabonsa. Daga Agadem ake turo ɗanyen man da matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, take tacewa, ganga 20,000 a rana, kuma tun 2024 bututu mai kusan kilomita 2,000 yake kai wani zuwa gaɓar teku a Benin. Dokar man fetur ta ware kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen shiga ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Tunda wannan arziki ne ya ci kusan rabin hurumin a 2019 ya kuma tarwatsa adaks, ba bara ba ce idan aka nemi kamfanonin da ke cin moriyarsa su riƙa ba da wasu dubban litoci na gazuwal kowane wata ga masu sintiri. A wurinsu abu ne da ba zai ko bayyana a lissafi ba.

Na san abin da wasu za su faɗa, domin na sha jin sa a majalisa: mutane na fama da tsadar hatsi da ambaliya da rashin magani, ka zo kana maganar barewa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na neman a cire ko dala daga bakin maraya a kai wa dabba. Amma kuɗin nan hannun mutane zai shiga, ƴaƴan Tubawa da Buzaye da Larabawa da Fulani da Hausawa masu iyali. Kuma motar sintiri a wannan yanki ba dabba kaɗai take yi wa amfani ba. Ita ce kan tsinci matafiyin da motarsa ta mutu ƙishirwa na neman halaka shi, ita ce kan ɗauko mace mai naƙuda daga ruga zuwa Tasker, ita ce kan fara ganin gobarar daji kafin ta cinye ciyawar da dubban raƙuma da awaki za su ci a rani. Filin da babu mai sa ido a kansa, ɓarawon raƙumi da mai fataucin makamai su ma suna sonsa kamar yadda mafarauci yake sonsa.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi wannan nauyi a wurina. A karkara da yawa, idan aka ambaci ma'aikacin gandun daji, abin da ke fara zuwa zuciyar talaka shi ne tara: an kama shi ya sassabe reshen gawo don awakinsa, an ci shi kuɗi. Wannan tabo yana nan, kuma asusun da ya kau da kai daga gare shi ba zai samu amincewar makiyaya ba, alhali in ba da su ba babu gadin da zai yiwu a fili mai girman Termit. Su ne suka san kowace rijiya, su ne ke bambance sawun babur na jiya da na shekaranjiya, kuma ƴan sintirin da aka ɗauka daga cikinsu suna shiga da raƙumi inda mota ba ta shiga. Don haka ina ba da shawara a rubuta tun farko cewa wani kaso tsayayye na asusun na waɗannan ƴan sintiri ne, kuma wakilan makiyaya su zauna a cikin kwamitin. Addininmu ya riga ya shimfiɗa mana misali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumin Naƙi'u kusa da Madina. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe na Rabaza, ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya yi gadinsa, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare ƙofa ga garkunan manyan attajirai. Irin wannan mai gadi muke so mu ɗauki nauyinsa, mai taushi ga talaka, mai tauri ga mai ƙarfi. Ma'aikacin da aka bai wa haƙƙinsa da kayan aikinsa ya fi sauƙin zama haka fiye da wanda aka jefa daji aka mance da shi.

Mu na cikin gari ma muna da hannu a ɓarnar. Ƴar barewar da ake ɗaurewa a tsakar gidan mai hali don ado, sau da yawa sai an kashe uwarta kafin a kamo ta. Busasshen naman dawa da ake kawowa tsaraba, da kan ungulu da ake nema don magani, da rakiyar da ake yi wa baƙi masu farautar tuje da shaho, duk kasuwa ce da muke buɗe wa mafarauci. Ba shi da ma'ana mutum ya ba da dala ɗari da hannun dama ya sayi barewa da na hagu. A nan malamanmu suna da aiki a kan mumbari, domin Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamarmu.

Kada kuma a ɗauka aikin banza ne. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a Kure, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Da gadi da haɗin kan manoman yankin suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi. A Kelle, cikin ƙasar Gure, ana kiwon jimina domin a mayar da ita dawa, tsuntsuwar da a zamanin Sarki Tanimun gashinta yana cikin hajar da ayarin Damagaram ke kaiwa Tarabulus. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun mayar da gawo gonakinsu da hannunsu har duniya ta zo koyo. Wanda yake son ya san tsadar sakaci kuwa ya dubi mariri, dabbar hamadar nan mai dogayen ƙahoni: a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a dawa, kuma da Cadi ta so mayar da shi daga 2016, sai da aka riƙa ɗauko shi a jirgin sama daga Abu Dabi da dukiyar da mu ba mu da irinta. Mena tana nan da ranta a Termit, gazuwal da takalmi kawai ake nema a tsare ta.

Abin da zai kashe wannan asusu shi ne rashin amana, kuma mun ga ƙungiyoyi da yawa da suka mutu ta wannan hanya. Saboda haka ina ganin a sa shi a ƙarƙashin inuwar Mai Martaba Sarkin Damagaram, a haɗa kwamiti da wakilin hukumar gandun daji, da sarakunan makiyaya na Tasker, da malamai, da ƴan kasuwa, da malaman Jami'ar André Salifou masu ilimin muhalli da lissafin kuɗi. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum uku. Kada a miƙa tsabar kuɗi inda za a iya miƙa kaya. Kowane wata uku a karanta lissafi a gidajen rediyon gari da Hausa da Tubanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci, a faɗi abin da ya shigo, da litar man da aka saya, da kilomitan da aka yi sintiri, da abin da aka kama. Su kansu masu gadin a tambaye su abin da suka fi buƙata kafin a saya, domin wanda ke zaune a ofis yana iya sayen kwamfuta alhali taya ake nema.

Ranar 31 ga Yuli ita ce ranar masu gadin daji ta duniya, kuma ina ba da shawara a ɗauke ta a matsayin ranar buɗe asusun, a gayyato wasu daga cikin jami'an da ƴan sintirin Tasker su zo Damagaram su yi bayani da bakinsu. Kafin lokacin, ina roƙonka, ya Edita, ka tura wakilinka ya bi tawagar sintiri ko sau ɗaya ya rubuto mana abin da ya gani, kuma jaridarka ta yi alkawarin buga lissafin asusun kyauta duk lokacin da aka fitar da shi. Ni dai na ɗauki alkawarin dala ɗari tawa kowane wata daga cikin kuɗin ritayata, kuma a shirye nake in bi makarantu da masallatan unguwarmu da takardar rajista da zarar an kafa kwamitin.

Allah ya tsare masu tsaron dawa, ya mayar da su ga iyalansu lafiya.

Wassalam,
Naka mai karatu,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.